Mai-Sawu da Gwankayen Bayan Dutse

Duk wanda ya taɓa aiki a tashar binciken namun daji da ke bakin gandun daji ya san Mai-Sawu. Dogo ne siriri, mai ɗan doro saboda yawan kallon ƙasa, in yana tafiya kai ka ce allura ya yar yake nema. Ko a tsakar gidansa haka yake tafiya. Matarsa takan ce duk shekarun da suka yi tare sawunta ya haddace, fuskarta kuwa sai an tuna masa.

Ubansa mai ɗibar zuma ne, shi ya riƙa jan sa daji tun yana ƙarami. A wajensa ya koyi bambanta sawun barewa da na gada, da kashin kura na jiya da na shekaranjiya, da yadda ciyawa ke kwantawa in dabba ta wuce a guje. Da uban ya rasu sai ya gaji igiya da ƙwarya, ya yi ta hawan bishiya har ranar da reshe ya karye da shi, ya faɗo kafaɗarsa ta goce. Daga nan ya haƙura da sama. Yana da shekara ashirin da bakwai ya shiga ajin manya na yamma, ya koyi karatu da rubutu tare da masu gadi da ƴan dako. Rubutunsa ya fito manya-manya, kowane harafi a tsaye da gindinsa, kuma a lokacin ba abin da yake taƙama da shi kamarsa.

A shekarar da ya yi aure Dakta ta zo. Mace ce gajeriya mai tabarau, daga jami'a aka turo ta nazarin gwankaye, manyan dabbobin nan masu ƙirar doki, masu ƙaho lanƙwasasshe zuwa baya da fuska kamar an shafa mata baƙi da fari. So take ta san inda suke kiwo, inda suke shan ruwa da inda suke haihuwa a kowane lokaci na shekara. Ranar ɗaukar ma'aikata ba ta tambayi kowa takarda ba. Bakin rafi ta kai su, ta nuna laka ta ce, "Me ya wuce nan?"

Wani ya ce shanu, wani ya ce jakuna. Mai-Sawu ya durƙusa, ya daɗe yana kallo.

"Ranki ya daɗe, gwankaye ne. Mata uku da ɗan ƙarami. Ɗaya tana ɗingishi da ƙafar baya ta hagu. Da hantsi suka sha ruwa, ba su gama ba wani abu ya firgita su."

Bayan kwana biyu ta ga mai ɗingishin da idonta a madubin hangen nesa. Ba ta ƙara neman wani ba.

Aikin mai sauƙin faɗa ne. An yanka hanyoyi shida a cikin gandun, an kafa musu turaku masu jan fenti. Shi zai bi kowace a ƙafa sau ɗaya a mako, da allo da fensir, ya rubuta rana da lokaci da abin da ya gani, sawu ne ko kashi ko dabbar kanta, da ko nawa ne. In bai ga komai ba ya rubuta "babu". A kan wannan kalmar Dakta ta fi ja masa kunne.

"Malam, 'babu' ɗin nan ba wofi ba ce. In ka rubuta ta, ka gaya mini ka je, ka duba, ba sa nan. Da ita zan yi aiki kamar yadda zan yi da 'akwai'."

Shekara uku yana yi ba fashi. Sun ƙirga gwankaye arba'in da uku. Abu ɗaya ne ya gagari Dakta: in rani ya yi tsanani sai matan su ɓace daga hanyoyin shida, ba sa dawowa sai da ƴaƴa a bayansu. Mai-Sawu ne da bakinsa ya ce mata ya san inda suke zuwa. Akwai wata fadama bayan dutse, can ƙarshen gandun, wadda ruwanta ba ya ƙafewa, ubansa ya sha nuna masa su a can. Sai aka yanka hanya ta bakwai, aka sa mata ranar Alhamis. Tafiya ce ta yini guda: awa biyu a keke, awa uku a ƙafa, sannan a dawo.

Makonni uku na farko ya je. Rani bai kankama ba tukuna, ba ko sawu ɗaya a lakar. Ya rubuta "babu" da gaskiyarsa.

A mako na huɗu aka kwantar da matarsa a asibitin gari. Cikin wata bakwai ne da ita, ƙafafu sun kumbura, jini ya hau. Kwana biyar bayan haka aka yi mata aiki aka ciro ƴan biyu, mace da namiji, kowannensu bai fi tafin hannu biyu ba, aka sa su a kwalba. Ita kuma ta kwanta ba ta iya ko juyawa. Ba uwa gare ta ba, sai ƙanwa guda mai nata ƴaƴan, wadda take zama da ita da safe amma ranar Alhamis dole ta tafi rumfarta a kasuwa.

Hanyoyi shida na kusa ba su dame shi ba, kafin azahar ya gama ya taka keke zuwa asibiti. Ta bakwai ce matsalar. Dakta tana jami'a tana koyarwa a wannan zangon, tashar tana hannun wani manaja da ya kori mai gadi a watan da ya wuce saboda fashin kwana biyu. Mai-Sawu ya tsaya a ƙofar ofishin manajan har sau biyu da niyyar neman hutu, sau biyun yana gaishe shi ya juya.

Alhamis ɗin farko, a kan bencin barandar asibiti ya ɗora allon a gwiwa. Warin magani ya cika wajen, wata ma'aikaciya tana goge daɓe tana cewa a ɗaga ƙafa. Ya rubuta kwanan wata. Ya rubuta lokacin tashi da na isa. Da ya zo gurbin abin da aka gani sai fensirin ya tsaya. Ya ce a ransa ai ba zai ƙirƙiri dabbar da bai gani ba, wannan ita ce ƙarya. Tunda bai ga komai ba, "babu" zai rubuta, kuma mako mai zuwa lalle zai je ya gyara. Ya rubuta ta manya-manya yadda ya saba.

Mako mai zuwa namijin ya daina shan nono. Na bayansa matar ta yi zazzaɓi. Haka aka yi ta yi har Alhamis goma sha ɗaya. Ranar da aka sallame su ya ɗauko iyalinsa su uku da rai, hadarin farko yana haɗuwa a gabas. Da ya koma bayan dutse a makon da ya biyo, ruwa ya riga ya zuba sau biyu, ya wanke fadamar tas. Duk da haka a ƙarƙashin wata bishiya, inda ruwan bai kai ba, ya ga ƴan ƙananan sawaye na sababbin haihuwa, rututu. Ya tsaya a kansu har inuwa ta juya. Bai rubuta su ba, don in ya rubuta za a tambaye shi yaya aka yi bai ga uwayen ba duk tsawon rani.

Da Dakta ta dawo ta baje takardun a tebur, ta bi su ɗaya bayan ɗaya da yatsa.

"Ka gani, Malam, mako goma sha huɗu ba ko ɗaya. Wataƙila zamanin babanka ne suke zuwa can."

"Wataƙila, ranki ya daɗe."

"Kada ka damu. Ai mun koyi wani abu. Mu rufe hanyar nan, ta cika wahalar da kai."

Ya yi mata godiya. Har yau in ya tuna wannan godiyar sai ya ji kunya ta rufe shi.

Da a nan abin ya tsaya da wataƙila ya manta, don ɗan Adam gwanin yafe wa kansa ne. Amma bayan shekara biyu hukumar da ke kula da gandun ta yanke shawarar ba wani kamfanin noman rake wani yanki. Ba a tambayi Dakta ko a bayar ko kada a bayar ba, an dai ce ta nuna inda dabbobi suka fi ƙaurace wa. Ta yi faɗa, ta yi rubuce-rubuce, a ƙarshe ta ɗauko taswirar da ta zana daga takardun Mai-Sawu. Ko'ina ɗige-ɗige ne ja, kowane ɗigo gwanki. Bayan dutse kuwa fari fat. Nan ta sa yatsa.

Yana tsaye a bayanta lokacin, riƙe da butar shayin da aka aike shi ya kawo. Ya buɗe baki. Manyan mutane ne cike da ɗakin, da hulunansu da alƙalumansu, ga manaja yana kallonsa. Sai ya ji kansa yana tambaya ko a ƙara wa wani sukari.

Katafila ta shiga da kaka. Kafin rani an ja waya mai ƙaya daga gindin dutsen har iyakar gani. A tsakiyar ranin Dakta ta tura shi da direban tashar su duba turakun iyaka. Direban mutum ne mai ƙiba da surutu, ana ce masa Sannu-Sannu saboda bai taɓa wuce kowa a hanya ba. Tun daga nesa Mai-Sawu ya hango su. Mata takwas ne, cikinsu ya yi nauyi, suna kai da komo a jikin wayar. Sun bi wajen har ƙasa ta zama turba, ciyawa ta mutu. Daga can ciki ana jin ƙarar injin da ke jan ruwan fadamar. Wani ɗan gwankin da aka haifa a nan bakin wayar ya yi ƙoƙarin kutsawa ya maƙale, ungulu sun riga sun fara aikinsu.

Sannu-Sannu ya kashe mota ya riƙe baki.

"Ikon Allah! Ka ga dabbobin nan kamar mutane. Da wajen yana nan a buɗe ko leƙe ba sa yi, yanzu da aka hana su ne suka san daɗinsa. Ko ba haka ba, Mai-Sawu? Ai kai ka yi ta zuwa ba ka gan su ba."

Mai-Sawu ya sauka, ya ciro ɗan daga wayar da hannunsa, ƙaya tana yankarsa bai ji ba. Ya tona rami da adda ya rufe shi. Direban yana ta tsiya, wai yau ga mai yi wa naman daji jana'iza, amma da ya ga fuskarsa sai ya bar tsiyar ya tayar da mota suka koma.

Dakta ta ɗauka shingen ne ya rikita su suka bi wata sabuwar hanya. Ta rubuta haka a rahotonta. A shekara uku arba'in da uku suka koma sha tara. A cikin waɗannan shekarun ne kuma jami'a ta aiko wa Mai-Sawu takardar yabo a cikin gilashi, saboda ƙwazo da riƙon amana. Matarsa ta kafa ƙusa ta rataye ta a ɗaki, saitin ƙofa, yadda duk baƙo zai gani. Shi ya sauke ta ya tura bayan akwati. Ta mayar. Ya sake saukewa.

Ya rame. Abinci sai ya tsakura ya ture. Ƴan biyu sun yi wayo, suna rige-rigen hawa kafaɗarsa in ya dawo, wani lokaci yana cikin yi musu wasa sai ya tsaya yana kallonsu kamar mai auna wani abu, har macen ta ce, "Baba, me na yi?" Wannan ya fi komai ci masa rai, don ya san da za a mayar da shi barandar asibitin nan, da wuya ya tashi ya bar su. Ba zaman da ya yi ne ke damunsa ba. Kalmar da ya rubuta ce, da bakin da ya kama daga baya.

Wata ranar hutu da la'asar matar tana shanya a tsakar gida, ta ga gilashin ya sake ɓacewa daga bango. Ta ajiye bokitin.

"Baban ƴan biyu, yau sai ka gaya mini. Sato takardar nan ka yi?"

Ya zauna a kan turmi ya gaya mata duka, tun daga bencin har zuwa wayar. Ta saurara da jiƙaƙƙiyar riga a hannu, ruwa yana ɗiga a ƙafarta.

"Ashe ni na cinye gwankayen," ta ce a hankali.

"Ke ina ruwanki? Kwance kike ba ki san inda kanki yake ba."

"To in ba ni ba ce, kada ka ƙara kallon ƴaƴana irin kallon nan. Na daɗe ina gani." Ta matse rigar da ƙarfi ta yarfa a igiya. "Shekara biyar kana kwana da wannan a ciki, ni ina nan ina ta canza maka miya, na ɗauka girkina ne ya lalace. Gobe ka je ka gaya wa matar nan."

"Za ta kore ni."

"Ta kore ka. Da can da ba ta zo ba ƙasa muke ci?"

Washegari da hantsi ya sami Dakta ita kaɗai a ofis, fanka tana juyawa tana kaɗa gefen taswirar da ke bango. Ya cire hula, abin da bai saba ba. Ya ƙi zama. Ya faɗa mata a tsaye, idonsa a kan siminti.

Ba ta yi ihu ba, da ma ta yi da ya fi masa sauƙi. Ta cire tabarau ta daɗe tana goge shi da gefen mayafi. Sannan ta tashi ta buɗe kabad ɗin ƙarfe, ta ciro fayil ɗin hanya ta bakwai, ta zare takardu goma sha ɗaya ba tare da ta tambaye shi waɗanne ba. Ta jera su a gabansa.

"Waɗannan ne?"

Ya duba. Su ne, ba ƙari ba ragi.

"Yaya aka yi kika..."

"Dubi sauran takardunka, Malam. Duk da zufa, da laka, wata har da ƙudan da ka murƙushe. Waɗannan kuwa kamar daga shago. Tun ranar na lura." Ta mayar da tabarau idonta. "Na ce zan tambaye ka. Amma rahoto ake jira, kuma ina son in yarda da kai, don in ban yarda ba aikin rani guda ya zube. Sai na mayar da su fayil. Kai ka rubuta, ni na sa yatsa."

"Ranki ya daɗe, laifin nawa ne."

"Naka yana nan, ban ɗauke maka ko ƙwayar zarra ba. Da ka ce mini matarka na asibiti, da ni da kaina zan zo in bi hanyar. Me ka ɗauke ni?"

Ta miƙo masa jan biro ta ce ya ja layi a kan kowace takarda, ya rubuta "ban je ba", ya sa hannu. Ya yi sau goma sha ɗaya. Rubutun bai fito a tsaye ba.

Ta dakatar da shi wata uku. Ita kuma ta rubuta wa hukuma da jami'a cewa taswirarta kuskure ce, ta janye abin da ta wallafa a kan bayan dutse. Ya ji daga bakin Sannu-Sannu cewa an yi mata ca a taro, kuma ƙarin girman da take jira ya wuce ta. Ba ta taɓa ambata masa ba. Da ya dawo aiki ta ci gaba da ba shi allo da fensir, sai dai ta daina yi masa wasan da ta saba, kuma an fi shekara kafin ta sake tambayarsa lafiyar yara.

Ba a mayar da fadamar ba. Rake ya riga ya kafu, takardu sun riga sun sha hatimi. Abin da Dakta ta samu bayan shekara uku na zarya shi ne a janye wayar a wani ɗan tsiri, faɗin taku ɗari biyu, daga gindin dutse zuwa ragowar ruwan. Mai-Sawu ne ya auna shi da ƙafarsa, ya bi tsohuwar turbar da matan suka yi. Ranin farko ba wadda ta shiga. A rani na biyu guda uku suka shiga. Tsofaffin da suka san wajen yawancinsu sun mutu, ƙananan sai da suka koya daga farko.

Da gwiwoyinsa suka gaza aka sallame shi daga tashar, Dakta ma ta koma jami'a gaba ɗaya. Ƴaƴansa suka ce ya zauna gida ya huta. Shi kuwa ya je ya nemi aikin gadi a kamfanin raken, ya roƙa a ajiye shi a inda hanyar taraktoci ta ratsa tsirin nan. Ba wanda ke son wajen, ba inuwa sai ta ƴar rumfar kwano, don haka aka ba shi ba gardama. Yana korar karnuka, yana tsince guntayen waya da leda, in rani ya yi yana tsare motoci.

A ranin da ya wuce, wata safiya, ya ɗaga wa wani mai tarakta hannu. Mutumin sabon zuwa ne, ya leƙo yana huci.

"Baba, lafiya? Sauri nake."

"Kashe injin."

"Saboda me?"

Mai-Sawu ya nuna masa da haɓa. Can gindin dutsen wata gwanki ta tsaya, kunnuwa a miƙe, wasu a bayanta.

"Naka ne?" in ji mai taraktar.

"Ba nawa ba ne. Na yi musu laifi ne."

Mutumin ya ƙyalƙyale da dariya har yana dukan sitiyari, ya ce tunda yake bai taɓa jin wanda ya yi wa naman miya laifi ba. Mai-Sawu ya bar shi ya yi dariyarsa. Amma injin ya mutu. Suka jira kusan rabin awa cikin rana kafin ta gaba ta yarda ta taka hanyar, ta tsallaka da sauri, biyar suka biyo ta. Mai taraktar ya tayar da injinsa yana mita, wai in shugabansa ya yi faɗa zai ce wani tsoho ne ya tsare shi. Mai-Sawu ya ce ya faɗa, kuma gobe in zai wuce ya zo da wuri ko ya zo a makare, don wannan lokacin nasu ne.